Muryar Inna a Bakin Reza

Yamai, watan Maulidi, 1974

Zuwa ga ƙanwata Sa'a, a Guci.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Halilu da ɗan jaririnku Baƙo, wanda har yau ban gani ba sai a bakin mutane. Ni lafiya ƙalau, in ban da zafin Yamai. Ki gaishe mini da Inna, ki ce mata ɗanta marar jin magana yana nan, bai mutu ba, bai kuma yi aure ba. Kullum muna jin labarin fari a rediyo, Allah ya sa abin bai kai yadda ake faɗa ba a wajenku.

To, gyara zama. Kin tuna bara da na zo da manyeto, akwatin nan mai ɗaukar magana, kika ce na zama maroƙin da ba ya roƙo? Na ɗauki kukan guga a rijiya, da luguden mata, da sarewar wani makiyayi a hanyar Dogo-Dogo, da waƙar da Inna ke yi in tana tatsar saniyarta Dawo. Duk na haɗa su zan yi faifai, kuma aikin ya kusa ƙarewa.

Wani mushe, Bature mai koyar da kiɗa, ya ara mini orga mai aiki da lantarki. Girmanta kamar akwatin amarya, da haƙora fari da baƙi a jere. Ki danna wani maɓalli ta yi miki sarewa, ki danna wani ta yi algaita mai mura, akwai ma wanda ke buga ganga da kansa, ba ya gajiya, ba ya neman goro. Da na rage gudun inji, kukan guga ya koma kamar numfashin wani babban abu a ƙarƙashin ƙasa. Lugude kuwa na ɗora shi a kan gangar orga, sai ki ji kamar matan Guci na daka a cikin jirgin sama.

Amma waƙar Inna ce uwar faifan. Zaren da ake ɗaukar murya a kai, bandi muke ce masa, gefe biyu gare shi. Muryar Inna na gefe ɗaya, ɗayan babu komai. Bandi ya yi wuya a garin nan, saboda haka ban tsaya kwafa ba. Reza na sa na yayyanka shi, na sake jera guntayen yadda kunnena ke so, na liƙe, sannan na buga orga a gefen da ke fili. Inda take kiran sunan saniyar kuwa na cire shi daban, na haɗa kansa da wutsiyarsa ya zama zobe, na zagaya shi a wuyan kwalba yana ta juyawa: Dawo, Dawo, Dawo, ba iyaka. Duk wanda ya ji sai tsigar jikinsa ta tashi.

Wani mai buga faifai daga Ikko ya saurara, sannan ya ce zai dawo wata mai zuwa ya tafi da bandin. Ki faɗa wa Inna muryarta za ta shiga duniya. In ta ce kunya, ki ce mata ba a ganin fuska.

Yayanki,
Muttaƙa

*

Guci, watan Maulidi

Yaya Muttaƙa,

Ina gaisuwa. Shiru babu takardarka tun Babbar Salla, ban san ko lafiya kake ba. Maiwada direba ya tsaya da kamyonsa a kasuwa, ya ce ba zai jira ba, saboda haka a tsaye nake rubutu.

Yaya, ban san yadda ake rubuta wannan ba, a lakwal, makarantar boko, ba a koya mana ba. Inna ta rasu ranar Juma'ar da ta wuce. Zazzaɓi ne, amma ya tarar da jiki babu komai, don ashe rabonta na tuwo ni take turo wa, tana cewa ta ci a ɗaki. An yi mata sutura kusa da Baba. Ka yi haƙuri, ka yi mata addu'a.

Yanzu ka saurare ni da kyau, domin ba ta'aziyya kaɗai ta sa na rubuto ba. Tun da na yi ciwo bayan suna, nonona ya ƙafe. Da madarar Dawo Baƙo ke rayuwa. Ita kaɗai ta rage mana, awaki sun mutu, sauran shanun an sayar a banza. Halilu ya kwance jinkar rumbu yana ba ta, yana hawa gawo yana kakkaɓo mata 'ya'ya. Ɗan maraƙinta ya mutu tun da sanyi, amma Inna ta cusa wa fatarsa ƙaiƙayi tana ajiye mata a gaba, ta yi mata waƙar nan, ita kuma ta saki nono.

Tun ranar da aka fita da Inna, Dawo ta riƙe nononta. Na kai mata fatar, na shafa ta, na sa zanen Inna, na yi mata ɗan abin da na riƙe na waƙar:

Mai farin goshi, mai farin goshi,
ba ni in ba nawa, in rage wa naki.

Ta juyo ta kalle ni kamar ta ga ɓarauniya. Sauran waƙar da Fulatancin kakarmu ne, ni kuwa lokacin da ya kamata in koya ina Magarya ina haddace sunayen kogunan Faransa. Abin da Halilu ke matsowa da ƙarfi bai rufe gindin ludayi ba, kuma tsofaffi sun ce in aka daɗe a haka za ta ƙafe gaba ɗaya. Mun karɓo madarar gari ta taimako a Dungas, Baƙo ya sha ya kama zawo. Maƙwabciyarmu Tata takan ba shi nata sau ɗaya a yini, amma ita ma ƙashi ce da fata, ga nata ɗan.

Ka ɗauki waƙar Inna bara, a gabana. Ka aiko mini da ita, da abin kunnawa. Halilu ya ce, "Saniya ba ta san rediyo ba, Sa'a. Mutane za su ce yunwa ta taɓa miki kai." Na ce masa su ce. Don Allah, Yaya, kada ka tsaya gyara komai, yadda ka ɗauke ta haka nake so.

Ƙanwarka,
Sa'a

*

Yamai, bayan Maulidi

Sa'a,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Inna, ya ba mu haƙuri. Takardarki ta same ni a wurin aiki a gidan rediyo, na karanta na zauna a ƙasa a gaban mutane. Na san wadda na rubuto miki ta saɓa da taki a hanya. In ta iso, ki yafe mini raha da ke cikinta, rashin sani ya fi dare duhu. Ina ta aika mata gaisuwa ashe tana kabari.

Na nemi izinin tahowa an hana ni. Tun da soja suka karɓi mulki ba a bar kowa ya motsa daga aikinsa ba, ɗakin injunanmu ma an sa masa tsaro, ba mai shiga da kayansa ko ya fita da su.

Game da waƙar, in kin karanta waccan takardar za ki gane. Ba ta nan yadda na ɗauke ta, ta shiga cikin faifan. Amma ki kwantar da hankalinki, muryar Inna ce dai, ba a canza mutum ba. Na kunna bandin a manyetona na gida, na kara ƙaramin akwatin kaset a bakinsa ya ɗauka. Ga akwatin nan da kaset ɗin da pil, wato batir, a hannun Maiwada, da gwangwanayen madara irin ta jarirai da na samo a wani kanti. Ki tafasa ruwa sosai kafin ki dama. Saniya kunne gare ta, ba malamar kiɗa ba ce, da ta ji muryar da ta sani za ta saki. Da babu gara ba daɗi.

Abin da kike nema na a mayar da ita yadda take, Sa'a, sai an sake sa reza a wargaza dukan aikin. Kiɗan orga a jikin zaren guda yake, in na motsa guntu ɗaya ya lalace. Mai orgar ya karɓi abarsa zai koma ƙasarsu, mutumin Ikko kuma yana tafe. Wannan faifan shi kaɗai ne abin da zan iya yi wa Inna yanzu. Ki gwada wannan tukuna, ina da yaƙinin zai yi.

Ki shafa mini kan Baƙo.

Muttaƙa

*

Guci

Yaya,

Gaisuwa. Mu dai muna numfashi. Takardunka biyu sun iso rana ɗaya, ta raha da ta kuka, na karanta su a jere. Da na zo inda ka ce ka sa wa muryar Inna reza, sai da na dafa bango.

Duk da haka na gwada, tunda ka ce kana da yaƙini. Da hantsi muka ajiye akwatin a gindin turke, na durƙusa da ƙwarya, Halilu ya danna. Wani gurnani ne ya fara fitowa, Dawo ta ɗaga kai. Sai gangar nan taka da ba ta gajiya. Can muryar Inna ta shigo, da kauri kamar ta namiji, ta faro daga tsakiyar waƙa, ta koma farko, sannan ta tsaya a kan Dawo, Dawo, Dawo, ta kasa wucewa kamar an ɗaure ta a wurin. Saniyar ta harbi ƙwarya, ta tsinke dabaibayi, ta tumɓuke turke. Sai a hanyar Dancawo Halilu ya kamo ta tana haki, ɗan ƙarfin da muka tara mata ya tafi a gudu. Ranar ko gindin ludayin ba mu samu ba.

Ba zan ce maka abinka ba shi da daɗi ba. Tata ta ji ta zauna a ƙasa tana kuka, ta ce kamar daga lahira ake kira. Amma Dawo ba mai sayen faifai ba ce. Ka ce saniya ba malamar kiɗa ba ce, to ka manta gidanku. Inna ba ta taɓa faro waƙar nan daga tsakiya ba. Da guɗa-guɗa a maƙogwaro take farawa tana shafa ƙugu, sannan baitin farin goshi, sannan Fulatancin. Sai ta sa hannu a hantsa take kiran sunan, a nan ne nono ke zuwa. Kullum haka, ba ta taɓa saɓawa ba. Kai ka ɗauko ƙarshe ka sa a gaba don kunnenka ya fi so.

Madarar gwangwaninka ma cikinsa bai karɓa ba, da ruwan tafasasshe da komai. Na kai shi gidan likita a Dungas, suka ce a ba shi abin da ya saba. Maɗigarsa ta faɗa, Yaya. Ba ya kuka yanzu, buɗe baki kawai yake yi. In na kwance shi daga goyo zanena a bushe yake, rabon da ya jiƙa ni har na manta. Ka san abin da wannan ke nufi ko sai na rubuta?

Ka ce faifan shi ne abin da za ka yi wa Inna. Inna ta bar tuwonta don in shayar da yaron nan. Ba faifai ta bar maka ba, jika ta bari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni nake cikin ɗakin, kuma ina gaya maka ba mu da sauran lokaci. In rezar da ta yanka tana iya mayarwa, ka mayar. In ba za ka iya ba, ka faɗa mini gaskiya in daina duban hanya.

Sa'a

*

Yamai

Ƙanwata,

Ina gaisuwa. Ba zan tsawaita ba, Maiwada na ɗaure kaya.

Na wargaza shi. Na ɓamɓare liƙin ɗaya bayan ɗaya, na ja igiya a ɗakina na rataye guntayen kamar kilishi. Da fari na rasa gane gaba da baya, don Fulatancin ba na ji, kuma baitocin kama suke da juna. Ƙwaryar Inna ce ta cece ni. A bayan muryarta ana jin nono na sauka. Inda babu ƙararsa, farkon waƙa ne. Inda yake tsiririn-tsiririn a busasshiyar ƙwarya, an fara tatsa ke nan. Inda ya koma shuu cikin kumfa, an kusa gamawa. Da haka na jera su, na mayar da gudun inji yadda yake, na kashe gefen orga. Sa'a, da na kunna sai ga Inna a ɗakina, da ɗan tarinta da komai, har inda take ce mini in matsa da akwatina ina tsorata mata saniya.

Mutumin Ikko ya zo ya tarar da ni a tsakiyar igiyoyi. Ya tambayi faifai, na nuna masa. Ya ce ko na haukace ne, na ce a gidanmu an riga an ce haka game da ƙanwata. Ya sa hularsa ya tafi. Kada ki sa wannan a ranki, ni ma na cire shi daga nawa, ko kuwa ina ƙoƙari.

Amma akwai abin da dole ki sani kafin ki kunna. Wuri ɗaya ban samu ba, kuma shi ne wurin da kika ce nono ke zuwa. Zoben nan na sunan Dawo ya sha juyi a wuyan kwalba har ya siɗe, babu sauran murya a jikinsa. Wanda ke cikin kiɗan kuma ya gauraye da orga kamar gishiri a miya, ba ya rabuwa. Na liƙa farin zare a gurbinsa daidai tsawon kiran, don kada waƙar ta yi tsalle. Saboda haka za ki ji Inna ta zo bakin sunan, sai shiru, sannan ta ci gaba. Na yi iya yina, ban san ko zai isa ba.

Kaset ɗaya ya rage mini, shi ne wannan. Pil ma ya ɓace a kasuwa, ki yi tattalin wanda ke hannunki. Ki rubuto mini ko mene ne.

Yayanki,
Muttaƙa

*

Yamai, watan Mayu

Sa'a,

Ina gaisuwa. Maiwada ya je ya dawo, ya ce ya damƙa wa Halilu saƙo a hannu, amma bai zo da takarda ba, bai kuma shiga gidan ba. Na tambaye shi ko ya ga mutane zaune a ƙofa, ya ce bai lura ba. Ba na iya cin abinci. Ko layi ɗaya ne ki rubuto, ko da abin da nake tsoro ne. Shirun nan ya fi mini ciwo.

Muttaƙa

*

Guci, farkon Yuni

Yaya Muttaƙa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ka yafe mini shiru. Tsoron bakina nake yi, kada in rubuta abu ya juya kafin takardar ta kai Damagaram.

Ranar da saƙon ya iso ban iya jira gari ya waye ba, da la'asar na fita. Dawo na ganin akwatin ta fara ja da baya, sai na lulluɓe shi da zanen Inna. Halilu ya danna ya koma nesa. Guɗa-guɗar nan ta fito, ƙasa-ƙasa. Yaya, saniyar ta daina tuƙa. Kunnuwanta suka miƙe, ta juya tana duban ƙofar ɗakin Inna. Na shafa ƙugunta ba ta motsa ba. Baitin farin goshi ya wuce, Fulatancin ya wuce, na sa hannu a hantsa, Inna ta ja numfashi za ta kira, sai shirun da ka faɗa.

Na ji jikin saniyar ya ɗaure a hannuna. Jira take. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma san bakina ya buɗe ba, na dai ji kaina na ce, "Dawo, Dawo," yadda Inna ke jan ƙarshensa. Sai Inna ta karɓa daga bakina ta ci gaba da waƙarta, kamar dama haka muke yi kullum. Nono ya zo. Ba shi da yawa, bai kai rabin ƙaramar ƙwarya ba, amma da kanta ta sake shi. Halilu, mai cewa yunwa ta taɓa mini kai, ya juya baya yana goge fuska da hularsa.

Tun daga ranar safe da yamma muke tatsa mu biyu, ni da Inna. Ina bin ta a hankali har Fulatancin ya zauna a bakina, ko da yake ban san me nake cewa ba. Tata ta ce wai roƙon ruwa ne da ciyawa. Pil ɗinka kuwa ya yi sanyi. Kullum muryar Inna na ƙara nauyi tana jan jiki, shekaranjiya har ta yi kauri irin na faifanka, na yi dariya ni kaɗai a gindin turke. Jiya akwatin ya tsaya a tsakiyar waƙa. Ban tsaya ba, na kai ta ƙarshe ni kaɗai. Dawo ta waiwayo ta dube ni, ta koma tuƙarta, nono bai yanke ba.

Kaset ɗinka na farko, mai gurnani, yana nan na naɗe a cikin kwallar Inna. Na san shi kaɗai ya rage na aikin da ka sha wahala a kai. Ba zan aiko maka ba, ka zo da ƙafarka ka karɓa, ka ziyarci kabarin, ka ga ɗanka Baƙo. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, bai dai zubo ba tukuna.

Na bar maka labarin Baƙo a ƙarshe don in tabbata. Har yanzu a rame yake, ba zan ɓoye maka ba, amma zawon ya tsaya, kuma ya dawo da kukansa, ya hana Halilu barcin rana. Yanzu haka a bayana yake ina rubutu. In ka ga layin nan ya karkace ka yi haƙuri, tashi na yi. Ya jiƙa mini zane sharkaf, har ƙafata.

Ƙanwarka,
Sa'a